Yadda muka nemi tallafin shigo da makafi, kurame da guragu wasanmu a Bauchi

Tun ranar da aka ga mun yi wasa da mai fassarar maganar hannu tsaye a gefen dandali ake ta tare ni a hanya, wasu da gaske suke tambaya don su ma suna son nema, wasu kuma kawai so suke su ji nawa muka ci. To bari in fara da nan, kuɗin bai kai miliyan biyar ba, kuma kashi biyu aka raba shi, na biyun sai da muka gama aiki kaf muka kai rasit sannan ya fito. Ni ne sakataren ƙungiya, duk wata takarda da aka cike ta hannuna ta bi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abun ya gudana.

Mu 'yan wasan daɓe ne a cikin garin Bauchi, ba 'yan fim ba. A cikinmu akwai malaman firamare, akwai tela, akwai mai gyaran waya a Wunti, sai yara ɗalibai daga jami'ar ATBU da Poli ta Gwallameji da ke shigowa su gama karatu su tafi. Ba mu da wurin kanmu, zauren taron wata makarantar kuɗi muke haya a ƙarshen mako. Wajen ƙarshen 2023 wata 'yar ƙungiyarmu ta turo sanarwa a gurup ɗinmu na WhatsApp, wai wata gidauniya tana ba ƙananan ƙungiyoyin fasaha tallafi, amma ba na shirya sabon wasa ba, ba kuma na sayen kayan aiki ba, tallafi ne na gyara abun da dama kuke yi ta yadda masu buƙata ta musamman za su iya shiga. A nan mutane da yawa suke faɗuwa, mutum da ya ji an ce tallafi sai ya fara lissafo kyamara da janareto da sifika, su kuma masu tantancewa da sun ga haka suke ture takardar gefe.

Kafin a zo maganar makaho ko kurma, takardu ne suka fara sha mana kai. Suna son rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da lambar haraji ta TIN, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu ke sa hannu, da satifiket ɗin SCUML, wancan sashen na ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan kuɗin da ke shiga ƙungiyoyi. Mu kuwa abun da muke da shi rajistar ƙaramar hukuma ce da littafin ma'aji. Rajistar ƙungiya a CAC kuma ba kaman ta sunan kasuwanci bace da ake gamawa nan da nan, sai kun fitar da amintattu, kun rubuta tsarin mulkin ƙungiya, an buga sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai fito yace bai yarda ba. In ka haɗa da jan ƙafar banki, wa'adin ya riga ya wuce. Sa'ar da muka ci, can ƙasan ƙa'idojin an rubuta cewa ƙungiyar da ba ta da rajista za ta iya fakewa ƙarƙashin wata mai rajista. Haka muka yi, muka samu wata ƙungiyar ci gaban al'umma ta yarda kuɗin ya shiga asusunta, ta cire ɗan kaso na ɗawainiya, muka rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Dan Allah duk mai bin wannan hanyar kar ya tsaya kan "ai mun san juna", a rubuta nawa za su cire, kwana nawa za su ɗauka kafin su sakar muku kuɗi in kun nema, kuma wa zai riƙe rasit na asali. Mu dai mun rabu lafiya, amma na ga inda zumuncin shekaru ya lalace akan wannan. Tamu rajistar muka ci gaba da binta a gefe.

Fom ɗin na intanet ne, da Turanci, kuma akwai tambaya ɗaya da ta fi kowacce maki. Su waye cikin masu buƙata ta musamman kuka zauna da su wajen tsara aikin, me suka ce, kuma me ke cikin kasafinku da ya fito daga bakinsu. Har da wurin saka takardar zaman da sa hannun waɗanda suka halarta. Sai muka bi ta ƙofa biyu. Muka je reshen jiha na JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ke da ɓangarori, makafi da nasu, kurame da nasu, guragu, zabaya da sauransu, a nan 'yan boko masu sanin doka suke. Sannan muka bi ta gargajiya, don kowa ya san a ƙasar Hausa akwai sarkin makafi akwai sarkin guragu, kuma akwai mutanen da ko wasiƙa mai hatimi ka kai musu ba za su motsa ba sai sun ji daga can. In ka tsallake ƙofa ɗaya rabin mutane za ka samu.

A gindin dogonyaro muka yi zaman a harabar makarantar, don zauren matakala uku ne a bakin ƙofarsa, masu keken guragu ba su da hanyar shiga. Shugabanmu ya tashi ya yi bayani mai tsawo, za mu gina gangaren siminti, za mu buga takardar shirin wasa da rubutun makafi, za mu kaza za mu kaza. Wani dattijo cikin masu sarautar makafi yana zaune kan tabarma, sandarsa kwance a cinya, bai ce uffan ba har aka gama, sannan ya ɗan gyara murya yace, "Ɗana, duk na ji. Wa zai kawo ni, wa zai mai da ni?" Shugaba yace Baba ai shiga kyauta ne. Yace, "Ban tambaye ka kuɗin ƙofa ba. Daga inda nake zuwa nan keke napep biyu zan hau, kuma ba ni kaɗai ba, da yaron da ke min jagora, shi ma kujera ake biya mishi, zuwa da komawa. Yaron nan kuma in na riƙe shi tun azahar har magariba, me zai ci?"

Wata baiwar Allah mai keken guragu, ɗinkin hula take yi, tace ita gangare ba shi ne babban damuwarta ba, in ta kama ana iya ɗaga ta duk da ba ta son hakan ko kaɗan. Ta dubi shugaba tace, "Malam, ina banɗakinku?" Aka nuna mata can bayan azuzuwa, ta tura kekenta muka bi ta a baya, hanyar duk yashi taya na nutsewa, da aka isa kuma ƙofar ko tayun gaba ba su shiga ba. Ta juyo tace ita in za ta je taro tun asuba take daina shan ruwa, ko da a zafin Afrilu ne, kuma ba ita kaɗai ba duk ƙawayenta haka suke yi. Wani matashi zabiya yace shi nashi mai sauƙi ne, kujerar gaba, inuwa, da rubutu manya. Kurame suka kawo tasu maganar wadda ita ta fi dagula kasafi, zan zo kanta. Ana shirin tashi wani saurayi da shan inna ta kama tun yana ƙarami yace duk surutun da ake tun ɗazu na kallo ne, shi wasan yake so ya shiga, shin dandalin akwai hanyar hawa? Babu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kasafin da ya fito bayan wannan zaman, siminti da katako da ƙarfe ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk kan mutane ya tafi, sufuri, abincin 'yan jagora, masu fassara, da alawus na mutum huɗu daga cikinsu da muka ɗauka a matsayin masu ba da shawara har ƙarshen aiki, don ba daidai bane ka kira mutum ya juye maka iliminsa ka sallame shi da ruwan leda.

Wajen kafa hujja ban yi dogon Turanci ba, doka na jawo. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2010, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar kan shiga harkokin al'adu da nishaɗi da wasanni yake magana kai tsaye. Sannan ga dokarmu ta cikin gida ta haramta nuna musu wariya, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin nan a Janairun 2024 ya cika, daidai lokacin da takardarmu ke gaban masu tantancewa. Duk mai yawo a garin nan ya san ginin da aka gyara bai taka kara ya karya ba, kuma haka na rubuta musu, sai dai da lafazi mai laushi.

Bayan wani lokaci imel ya shigo cewa mun tsallake zagayen farko, za a yi ganawa ta Zoom. Muka taru a shagon mai gyaran wayarmu don can sabis ya fi ƙarfi, muka zo da mai ɗinkin hular nan da ɗaya daga cikin kuramen da mai fassara. Duk tambayoyin sun zo da sauƙi sai ɗaya. Jami'ar shirin tace su ba sa son ganin kuɗin mota a kasafi, don sun sha ganin ana raba wa mutane kuɗi a ambulan su zo su cika kujeru a ɗauki hoto, gobe a ce an yi taro. Gaskiya ban ga laifinta ba, ana yin hakan, ni ma na sha gani. Amma in aka cire sufuri an cire makafin da guragun gaba ɗaya, ya rage gangare babu mai hawa. Mai ɗinkin hular ce ta warware, tace Hajiya kar a ba kowa ko kwabo a hannu, a ɗauki hayar masu keke napep, kowane a ba shi unguwanninsa da sunayen mutanensa, ya ɗauko ya mayar, a biya shi ta taransifa. Ta ƙara da cewa a zaɓi waɗanda suka yarda a ɗaura keken guragu a bayansu, don da yawa da sun hango keke suke wucewa ko su ce kuɗin mutum biyu. Jami'ar tace a rubuta haka a turo. Ni a ganina wannan amsar ce ta ciyo mana kuɗin, ba Turancina ba.

Takardar amincewa ta zo, kuɗi kuma sai bayan ƙaramar sallar 2024 alat ya shigo. Tsakanin rubuta kasafi da shigowar kuɗi farashi ya riga ya gudu, buhun siminti a farkon shekarar ya kusan ninkawa, sannan muna tsakiyar aiki a watan Satumba aka sake ƙara kuɗin mai, masu keke napep suka dawo suka ce a sake magana. Kuma a yarjejeniya ba ka da ikon ɗaukar kuɗi daga wannan layin ka kai wancan yadda ka ga dama sai ka rubuta an amince. Muka rubuta, muka rage yawan wasannin da muka yi alkawari, muka rage buga takardu, aka amince. Wanda zai nema ya bar layin ko-ta-kwana a kasafinsa in sun yarda, kuma ya karɓi kwateshan a rubuce da kwanan wata, shi ne shaidarka in farashi ya tashi.

Yanzu maganar gangare. Da farko ginin ba namu bane, sai da mai makaranta ya ba da izini a rubuce, da sharaɗin ba zai rushe ba kuma ba zai kore mu ba na wani lokaci, gidauniyar ma ta nemi wannan takardar. Ƙa'idar gangaren keke ita ce duk tsayin santimita ɗaya sai an ba shi santimita 12 a kwance. Muka sa tef a babbar ƙofa, daga ƙasa zuwa baranda santimita 60, kenan gangaren sai ya kai mita 7 da ɗoriya, zai shiga har tsakiyar filin asambili. Birkilan da muka ɗauko ya cire hula ya sosa kai yace, "Malam sakatare, wannan ai titi kake so in yi maka. Ka bar ni in zuba maka mita biyu, haka nake yi a ko'ina, har a manyan wurare." Kuma gaskiya ya faɗa, irinsu ne ake gani a gari, masu tsayuwa cirko-cirko waɗanda ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Ban yi gardama da shi ba. Saurayin nan da ke son shiga wasa yana wurin, aka jingina katako biyu daidai tsawon da birkila ya faɗa, ya ja baya ya taho da ƙarfinsa, kuma ƙaƙƙarfa ne a hannu, yana kaiwa rabi tayun gaba suka ɗaga sama keken ya nemi kifewa ta baya, birkilan ne ma ya yi wuf ya tare shi. Daga nan bai ƙara cewa mita biyu ba, shi da kanshi ya zagaya ginin da tef ya gano ƙofar gefe inda ƙasa ta ɗan taso, santimita 25 kacal, gangaren mita 3 ya wadatar.

Sai kuma wata sabuwa, masu ba mu shawara suka ce ba za su shiga ta gefe kowa na shiga ta gaba ba, sai kace masu kawo kayan abinci. Maganin bai ci ko naira ba, ranar wasa muka rufe babbar ƙofa, teburin tikiti ya koma ƙofar gefe, kowa ta nan ya shiga har manyan baƙi. Birkila ya bar fuskar simintin da kaushi bai goge ta sumul ba saboda santsi, mai walda ya sa ƙarfen dafawa, kafinta ya yi gangaren katako na hawa dandali gida biyu wanda ake haɗawa a raba. Banɗaki aka fasa ƙofa aka faɗaɗa ta zuwa santimita 90, aka juya ta tana buɗewa ta waje, aka sa mazauni da ƙarfe a bango, aka daɓe hanyar zuwa. Wannan banɗakin ya fi gangaren cin kuɗi kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto.

Kurame kuwa, abun da suka faɗa mana tun a gindin dogonyaro shi ne su ba iri ɗaya bane. Waɗanda suka yi makaranta, kaman ta masu buƙata ta musamman da ke Yelwa, maganar hannun da suka koya asalinta ta Amurka ce, wadda ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani Ba'amurke baƙar fata kurma da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan ta bazu a makarantu. Waɗanda ba su yi boko ba kuma suna da tasu maganar hannu ta Hausawa da suka tashi da ita a kasuwa da majalisar 'yan'uwansu. Mai fassarar da ya yi karatu zai iya kwashe awa biyu yana yi, rabin mutanen da ke gabansa suna tsintar kaɗan kaɗan. Don haka mutum uku muka biya. Masu ji biyu da ke karɓar juna kusan duk minti 20, don aikin yana cin hannu da ƙwaƙwalwa, in ya wuce haka sai fassara ta fara zubewa, sai wani kurma da ya iya duka biyun, yana zaune yana fuskantar dattawan, yana kallon mai fassara yana juya musu zuwa tasu.

Kuma fassarar wasa ba ta taro bace da za a kira mutum ranar ya zo ya tsaya. Sai da muka ba su rubutun wasan tun da wuri, suka dinga zuwa gwaji tare da mu. A gwaji ne wani abu ya fito fili, kurma ido biyu gare shi kaman kowa amma wuri ɗaya zai kalla, ko mai fassara ko ɗan wasa. Akwai inda maigida ke surfa faɗa yana ja da baya har ya faɗa cikin kwandon tumatir, masu ji suna dariya, kuramen na can suna kallon hannun mai fassara, kafin su juyo an gama. Darakta ya gyara, maigida ya gama maganarsa tukun, a ɗan dakata mai fassara ya sauke hannu ya kalli dandali, alamar kowa ya juya, sannan a faɗa kwandon. Abun mamaki har ga masu ji sai ya fi ban dariya. Muka sa wa mai fassara fitilarsa daban mai caji, don in an ɗauke wuta mai ji yana ci gaba da jin murya amma kurma wasan ya ƙare mishi kenan, kuma riga baƙa mara zane yake sawa saboda hannu ya fito sosai.

Na makafi, a ƙasashen waje na'ura ake sa musu a kunne wani na can gefe yana gaya musu abun da ke faruwa. Kuɗinmu bai kai nan ba, kuma ko ya kai wa zai gyara in ta lalace. Sai muka duba abun da muke da shi a gida, muka ƙara maroƙi a cikin wasan, duk wanda zai shigo sai ya yi mishi kirari ya faɗi ko waye, me ya saka, me ya riƙo, fuskarsa a ɗaure take ko a sake, kuma 'yan wasa suka koyi kiran sunan juna da faɗin abun da hannu ke yi kaman yadda ake yi a wasan rediyo. Masu ido ba su ma gane don makafi aka sa shi ba, sun ɗauka salo ne. Kafin a fara kuma muna shigo da su dandali su taɓa kaya, rawani, alkyabba, akushi, kujerar mai unguwa. Dattijon nan ya karɓi takobin dogari, na katako ne da muka shafa wa fenti, ya bi bakinsa da babban yatsa tun daga ƙota har tsini, ya miƙo min yace, "Ɗana, wannan ko kaza ba zai yanka ba, a gaya wa dogarin ya rage cika baki." Rubutun makafi kuwa kwafi kaɗan muka buga, don da muka tambaya, masu karanta shi 'yan tsiraru ne, galibi waɗanda suka yi makaranta irin ta makafi da ke Gindiri. Sauran sanarwa da bayanin wasa da murya muka naɗa aka tura ta WhatsApp, waɗanda ba su da babbar waya aka sa musu a memori.

Saurayin nan ya samu shiga, da sharaɗinsa, yace ba zai fito a mabaraci ba kuma ba zai fito a wanda ake tausayawa ba. Ya fito a mugun mai gidan haya, yana bin 'yan haya da keke yana zazzaga musu rashin mutunci, har wata tsohuwa cikin 'yan kallo ta tashi tana ja mishi Allah ya isa.

Gidauniyar ta so mu buɗe ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, don ta fi kyau a rahoto. Masu ba mu shawara suka ce a'a, ranar kowa na can wajen taron gwamnati da na ƙungiyoyi, masu fassarar garin ma ƙalilan ne duk an kama su. Muka ɗaga zuwa Asabar ɗin da ta biyo baya, kuma bayan la'asar muka fara muka tashi kafin magariba maimakon bayan isha'i da muka saba, saboda komawa gida da dare wahala ce ga mai keke da mai sanda, ga sanyin hunturu. Zaure ya cika. Kujerun masu keke ba mu jera su a wuri ɗaya can gefe ba, mun cire kujera nan da can cikin layuka don kowa ya zauna da wanda ya zo da shi.

Rahoto ne ya fi komai cin raina. Kowace naira sai da takarda, to mai keke napep ina ya ga rasit? Sai na buga wata 'yar takarda mai sunan direba da lambar kekensa da unguwa da kuɗi, ya sa hannu ko ya dangwala, in manna hoton taransifa a jiki. Mai yashi haka, mai tsakuwa haka. Takardar halarta kuma suna son a rarrabe, maza nawa mata nawa, masu matsalar gani nawa, ji nawa, tafiya nawa, kuma ba a yarda ka kalli mutum ka cike mishi ba, sai ka tambaye shi ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi ka bar wurin haka. Mun samu dattawa da yawa da ba sa ji sosai ko ba sa gani sosai amma in ka ce musu suna cikin masu buƙata ta musamman faɗa za a yi, su dai tsufa ne, alhali su suka fi kowa jin daɗin kujerar gaba da ƙarfen dafawa.

Hoto ma sai da izini a rubuce, makaho a karanta mishi takardar a gaban shaida kafin ya dangwala. Mai ɗinkin hular ta kafa nata sharaɗin, kar a ɗauke ta ana tura ta, kar a ɗauke ta daga sama ana leƙo ta, in za a ɗauka mai hoto ya durƙusa daidai fuskarta. Wasu sun ƙi gaba ɗaya, suka ce an sha ɗaukarsu ana neman kuɗi da fuskarsu ba su ga komai ba, muka bar su. Da na tura rahoton aka dawo da shi akan rasit ɗin kafinta da ba kwanan wata da wani bambancin 'yan nairori na cajin banki, na gyara na mayar, kashi na biyu ya fito bayan mun riga mun ci bashin masu fassara da alawus ɗin mutane, ma'ajinmu har ya fara kashe waya.

Yanzu kuɗin ya ƙare. Gangare da banɗaki suna nan, mai makaranta ma ya ɗauki wata yarinya mai keke a aji ɗaya saboda su. Maroƙi ya zauna a duk wasanninmu tunda ba ya cin ƙarin kuɗi, haka rufe babbar ƙofa da farawa bayan la'asar. Masu fassara mun ƙara ɗan wani abu kan tikiti muna biyan mutum biyu, na ukun yana zuwa ne in ya samu sarari. Sufuri ne muka kasa ɗauka, kuma tunda aka daina tura keke napep, makafin da ke zuwa sun koma na unguwannin kusa kawai, dattijon ma aike yake yi a gaishe mu. Rajistarmu ta CAC ta fito, ta SCUML muna jira, in an sake buɗe nema da sunanmu za mu shiga, kuma layin keke napep ne zai zo farko a kasafin.